Filin Tambaya da Amsa: Kalmomin Sikotanci da Ma'anoninsu

Yawancin wasiƙun wannan wata daga 'yan'uwanmu mazauna Sikotlan suka fito, ɗalibai da ma'aikatan jinya da masu kula da tsofaffi, kuma kukansu ɗaya ne. Sun ci jarrabawar Turanci, sun sauka Gilasgo ko Abadin, sai ga shi kunnensu ya kasa kama abin da direban bas yake faɗa. Harshen da suke ji, masu shi *Scots* suke kiransa. Mu a nan Sikotanci za mu riƙa cewa. Mun taƙaita wasiƙun, masu kama da juna kuma mun haɗa su.

Assalamu alaikum. Ni malamin Turanci ne a sakandare. Na ji ana cewa mutanen Sikotlan suna da harshensu. Shin shi ne Gaelic, ko kuwa karyayyen Turanci ne aka laƙaba wa suna? Daga wani malami, Zariya.

Wa alaikumus salam, Malam. Abu uku ne a ƙasar, kuma haɗa su shi ke kawo ruɗani. Akwai Gaelic, wanda su can suke furtawa Galik. Ɗan'uwan harshen Ayalan ne, ƙarfinsa yana tsibiran yamma irin su Lewis da Harris da Barra, kuma mai jin Turanci ba zai tsinci komai a cikinsa ba. A ƙidayar 2011 masu magana da shi ba su kai 60,000 ba. Akwai Turancin Sikotlan, wato Turancin makaranta da ofis da aka furta da harshen mutanen wurin. Sai Sikotanci, wanda a ƙidayar nan ta 2011 mutum kusan miliyan 1.5 suka ce suna magana da shi, cikin al'ummar da ta ɗan haura miliyan 5.

Sikotanci ɗan'uwan Turanci ne, kakansu ɗaya. Ya tsiro daga tsohon Turancin masarautar Northumbria, wanda ya shiga kudu maso gabashin Sikotlan tun ƙarni na 7, sannan ya bazu ta garuruwan kasuwanci da Sarki David na Ɗaya ya kafa tsakanin 1124 da 1153. Tun wajen 1375 John Barbour ya rubuta doguwar waƙarsa ta tarihin Sarki Robert Bruce da shi, kuma daga 1424 da shi ake rubuta dokokin majalisar ƙasar. Da farko su kansu *Inglis* suke ce masa, sai a ƙarshen ƙarni na 15 sunan *Scottis* ya fara bayyana.

Abin da ya karya martabarsa siyasa ce da addini. A 1560 ƙasar ta koma tafarkin Furotesta, kuma Baibul ɗin da ya shiga coci da gidaje na Turancin Ingila ne. Fassarar Sabon Alkawari ta W. L. Lorimer da Sikotanci sai a 1983 aka buga ta. A 1603 Sarki James na Shida ya gaji sarautar Ingila, ya tattara fadarsa ya koma Landan. A 1707 aka haɗe majalisun ƙasashen biyu. Daga nan Turanci ya zama harshen alƙalami, Sikotanci ya koma na gida da gona da tashar jirgin ruwa, har aka daɗe ana tsawata wa yara idan suka yi shi a aji. Birtaniya ta amince da shi a 2001 ƙarƙashin yarjejeniyar Turai ta kare ƙananan harsuna, a 2025 kuma majalisar Sikotlan ta zartar da dokar da ta ba shi matsayin harshen hukuma tare da Galik.

A aikace mutum ɗaya yakan yi Turanci tsantsa da likita, ya fito bakin ƙofa ya juye Sikotanci da maƙwabcinsa, wani lokaci ma a jimla ɗaya ya gauraya su. Shawararmu, kalmar nan "karyayye" kada ta fito daga bakin baƙo a can. Tsofaffin da aka yi wa dukan makaranta a kanta ba su manta ba.

Wata shida ke nan ina Edinbara ina digiri na biyu. Malamai ina jin su sarai, amma a shago da bas sai in yi ta gyaɗa kai kawai. Akwai wata dabara, ko sai haddar kalmomi? Daga wani ɗalibi, Edinbara.

Akwai dabara, kuma ta fi hadda sauri. Kaso mai yawa na abin da kake ji kalmomin da ka riga ka sani ne, wasalinsu ne ya bambanta, kuma bambancin yana bin ƙa'ida.

Fara da wannan. Inda mutumin Ingila yake cewa *house, mouse, out, down, town, now*, mai Sikotanci *hoose, moose, oot, doon, toon, noo* yake cewa, da dogon "u" irin na "kuka". Dalili kuwa, tsakanin wajen 1400 da 1700 dogayen wasulan Turancin kudu sun gusa daga inda suke, wannan wasali kuma a arewa bai motsa ba. Ashe *hoose* shi ne tsohon furucin. Na biyu, inda Turanci yake da "o" a *home, stone, bone, more, sore, both*, can za ka ji *hame, stane, bane, mair, sair, baith*, da sauti kusa da dogon "e" namu: hem, sten, ben. Haka *head, dead, bread* suke komawa *heid, deid, breid*, a furta hid, did, brid.

Na uku shi ne mafi sauƙi ga wanda ya yi karatun allo. Haruffan *gh* da Turanci yake rubutawa ba ya furtawa, Sikotanci yana furta su, yana rubuta su *ch*: *nicht, licht, richt, thocht, dochter*. Sautin *ch* ɗin nan ɗan'uwan harafin kha ne na Larabci, sai dai bayan "i" yakan yi laushi. Shi ne kuma a ƙarshen *loch*, tafki. Turawan Ingila "lok" suke cewa don maƙogwaronsu bai saba ba, kai kuwa ba ka da wannan uzuri.

Na huɗu, "l" da "v" sukan faɗi. *All, ball, call, wall* su zama *aw, baw, caw, waw*. *Hold* ya zama *haud*. *Give, have, over* su zama *gie, hae, ower*. A tsofaffin littattafai za ka ga ana sa waƙafin sama a gurbin harafin, kamar *a'* da *gi'e*, abin da ke nuna kamar Turanci ne aka gutsure. Tun 1947 wani taron marubuta ya ba da shawarar a daina, kuma yawancin masu rubutun yau sun daina.

Inda baƙi suka fi faɗawa rami shi ne korewa. Ana liƙa ta a wutsiyar aikatau, gajeriya ƙwarai: *cannae, dinnae, didnae, isnae, willnae*. Kunnen da bai saba ba yakan kama *can* ya saki *nae*, sai mutum ya ce maka ba zai iya zuwa ba, kai kuma ka zauna jiransa. Ka riƙa sauraron ƙarshen kalma. Shuɗaɗɗen aiki kuma da *-it* ko *-t* yake ƙarewa: *telt*, ya faɗa, *selt*, ya sayar, *keepit*, ya ajiye.

Gwada da wannan: *A'm no gaun oot the nicht, it's ower cauld an ma heid's sair.* Wato ba zan fita yau da dare ba, sanyi ya yi yawa, kuma kaina yana ciwo. Lura da *the nicht*, daren yau. Haka *the day* yau ne, *the noo* yanzu, *the morn* kuma gobe ne ɗungurungum, ba safiya ba. Gobe da safe *the morn's morn* ne.

Sauran kalmomin da ƙa'ida ba ta buɗe su sai hadda, amma sanin asalinsu yana taimakawa. Daga harshen mutanen Nowe da Denmak na da aka samo *kirk*, coci, da *kist*, akwati, da *brig*, gada, da *gate* mai nufin titi, shi ya sa Canongate ta Edinbara titi ce, ba ƙofa ba. Ƙawancen Sikotlan da Faransa da aka ƙulla a 1295, da hulɗar da ta biyo baya, suna cikin hanyoyin da Faransanci ya shigo: *ashet*, babban farantin nama, da *fash*, damuwa, kamar a *dinna fash*, kada ka damu. Fatauci da Holan ya kawo *pinkie*, ƙaramin yatsa. Galik ya ba da sunayen ƙasa, *glen*, kwari, *ben*, tsauni, da *loch* ɗin da muka ambata.

Ina aikin jinya a ɗakin tsofaffi. Wata tsohuwa kullum hen take ce mini, wato kaza, abin yana sosa mini rai. Sannan sau da yawa su faɗi ciwonsu ban gane ba, ina jin nauyin in yi ta tambaya. Daga wata ma'aikaciyar jinya, Gilasgo.

Malama, ki kwantar da hankalinki. *Hen* kiran ƙauna ne da ake yi wa mace, babba ko yarinya, musamman a Gilasgo da kewaye, kusan yadda tsohuwa a gida za ta ce miki 'yar nan. Namiji kuma *son* ko *pal* za su ce masa ko da ya yi furfura.

Maganar ciwo ita ce mai nauyi, don haka bari mu daɗe a kanta. A sassan jiki, *oxter* hammata ce, *lug* kunne, *een* idanu, ɗaya kuma *ee*, *thrapple* maƙogwaro, *wame* ciki, *neb* hanci, *shoother* kafaɗa. Wadda ta ce tana da kumburi a *oxter* ta ba ki labarin da likita yake buƙatar ji a ranar. *Hoast* tari ne. *Boak* amai ne ko yunƙurinsa, *the dry boak* kuma yunƙurin da ba ya fitar da komai. *Jag* allura ce, har ta rigakafi. *Stookie* filastar da ake ɗaure karaya da ita, *skelf* sartse, *plook* ƙurjin fuska.

Kalmomin da ke bayyana irin ciwon sun fi waɗannan amfani wajen rubuta rahoto. *Gowpin* zugi ne mai bugawa. *Nippin* raɗaɗi ne irin na yanka da aka zuba wa magani. *Bealin* gyambo ne da ya ruru yana mugunya. *Stoond* sukar ciwo ce da ke zuwa farat ɗaya. Wanda yake *chitterin* makyarkyata yake yi, wanda yake *hirplin* ɗingishi yake yi. *Shoogly* shi ne abin da ba ya tsaye daram, don haka tsohon da ya ce yana jin *shoogly* yana gab da faɗuwa, a duba hawan jininsa kafin ya miƙe. *Peely-wally* wanda ya ɗashe ne, *wabbit* wanda gajiya ta zare masa laka. *Dwam* kuwa tana ɗaukar abu biyu, tafiya duniyar tunani da kuma ɗan sumewa, to idan 'yar majiyyaci ta ce babanta ya shiga *dwam* da safe, sai ki bi diddigi: minti nawa, ya amsa kira, ya faɗi?

Duk waɗannan baƙin kalmomi ne, kina jin su kin san ba ki sani ba, za ki tambaya. Masu haɗarin su ne waɗanda suka yi shigar Turanci. *Greetin* kuka ne da hawaye; idan abokiyar aiki ta ce mai gado na huɗu ta kwana *greetin*, ba gaisuwa ta kwana yi ba. *Mind* tunawa ne. *A cannae mind* na nufin na kasa tunawa, kuma a ɗakin masu ciwon mantuwa wannan jimla shaida ce, ba rashin kulawa ba. *Doot*, wato *doubt* ta Turanci, ta fi kowacce juya ma'ana: *A doot it's broken* na nufin ina jin fa ya karye, akasin abin da Turancin makaranta zai ba ki. *How?* sau da yawa "don me?" ce, *how no?* kuma "me zai hana?". Ki ce wa majiyyaci ba zai ci abinci ba kafin tiyata, ya ce *how?*, dalili yake nema. *Cry* sa suna ne, *whit dae they cry ye?* yaya sunanki. *Chap* ƙwanƙwasa ƙofa. *Messages* cefane, tambayar ko wa ke yi wa tsohuwa *messages* idan an sallame ta tambaya ce ta wa zai sayo mata abinci. *Piece* burodi ne da aka sa wa wani abu a tsakiya, *press* kabad ɗin bango, *tea* kuma sau da yawa abincin yamma ne gaba ɗaya. *Stay* zama ne na dindindin, wannan kam Turancin Najeriya ma haka yake amfani da ita, ba za ta ba ki wuya ba.

Sai ɗabi'ar rage magana. *No bad* a bakinsu lafiya lau ce. Amma tsoho ɗan Gilasgo da ya ce yana jin *no weel* ko *no great*, ko ya ce ƙirjinsa *a wee bit sair*, yana iya kasancewa cikin azaba. Kada *wee*, wato ɗan kaɗan, ta sa ki rage wa ciwon maki. Ki ba shi ma'aunin 0 zuwa 10 ya zaɓa da kansa. Dabarar da ta fi aiki ita ce ki ce ya nuna miki wurin da hannu, ki maimaita abin da kika fahimta da Turanci mai sauƙi ya tabbatar, sannan a rahoto ki rubuta kalmarsa yadda ya faɗa tare da ma'anarta. Nauyin tambaya kuwa ki ajiye shi, ma'aikatan da suka zo daga Landan ma tambaya suke yi.

An ce in zo ganawa the back of nine, na je tara saura kwata na yi ta jira. Ina kuskuren? Daga wani mai neman aiki, Dundee.

*The back of nine* bayan tara ne da 'yan mintoci, kamar tara da minti biyar ko goma. *Half nine* tara da rabi ce. Ka kula da ranaku ma: *Friday first* Juma'ar da ke tafe ce, *Friday next* a bakin masu tsohon salo ta makon gaba ce. Idan ganawar aiki ce, ka nemi kwanan wata da lamba.

Na yi shekara a Gilasgo har kunnena ya fara buɗewa, sai aiki ya mai da ni Abadin, na koma kamar sabon zuwa. Harshe ɗaya ne kuwa? Daga wani injiniyan mai, Abadin.

Harshe ɗaya ne, kari ne daban. Na arewa maso gabas *Doric* ake ce masa, kuma alamarsa ta farko ita ce *wh* ta koma *f*. *Fit* me, *fa* wa, *far* ina, *fan* yaushe, *foo* yaya. Gaisuwar gari *fit like?* ce, amsarta *nae bad* ko *chavin awa*, wato ana ta fama. Tsofaffi suna da wata ta raha, *foo's yer doos?*, yaya tattabarunka, a amsa *aye peckin*, suna nan suna ta tsattsaga. *Far div ye bide?* a ina kake zaune. Wasali ma ya sake: wata da cokali da Turanci ke kira *moon* da *spoon*, can *meen* da *speen* ne, *good* ya zama *gweed*, *school* ya zama *skweel*. Korewar da ka saba ji *dinnae* da *cannae* za ta koma *dinna* da *canna*, *A'm no comin* kuma ta zama *A'm nae comin*.

Yaro *loon* ne, yarinya *quine*, a furta kwain, kuma babu zagi a cikin *loon* ko kaɗan. Ɗan ƙaramin yaro da Gilasgo ke kira *wean*, gabas da arewa *bairn* suke cewa. *Ken*, sani, da ba ka cika ji a Gilasgo ba, nan za ka ji ta a ƙarshen kusan kowace jimla. Idan aiki ya kai ka tsibiran Shetland, can kuma akwai ragowar harshen Norn na mutanen Nowe: ƙarami *peerie* ne, a Orkney *peedie*, kuma har yanzu suna da *du* ta kiran wanda aka saba da shi.

Kalma ɗaya ta yanayi za ta shafi aikinka kai tsaye, ita ce *haar*. Hazo ne mai sanyi da laima da ke tasowa daga Tekun Arewa idan iska mai ɗumi ta bi ta kan ruwa mai sanyi, galibi daga Afrilu zuwa Satumba. Babu ƙura a cikinsa kamar na hunturunmu, amma yana rufe gari ya hana jirage masu saukar ungulu tashi. *Dreich* ranar da ta yi duhu da yayyafi da gundura ce, *smirr* yayyafi mai laushi, wanda ya jiƙe sharkaf kuma *drookit* ne.

Mu Musulmi ne, sunayen abincinsu kuma ba sa nuna abin da ke ciki. Waɗanne ne za mu yi hattara da su? Daga wata uwargida, Paisley.

Hajiya, wadda ta fi kama mutane ita ce miyar ƙananan waken nan da Larabawa ke kira adas. A ido ganye ce da wake, amma a al'adance da romon *ham hough* ake dafa ta, wato ƙaurin alade. *Hough*, a furta hokh da kha ɗin nan, ƙauri ne ko na wace dabba, don haka ki tambayi da wane romo aka yi. *Ham* kuma a bakin wasu har soyayyen naman aladen karin kumallo take nufi. Burodin Abadin da ake kira *rowie* ko *buttery*, duk da sunan man shanu da ke jikinsa, asalinsa da kitsen alade ake murza shi, ko da yake wasu gidajen burodi suna yin na man gyaɗa da makamantansa. Ɓawon *Scotch pie* ma sau da yawa haka ne. *Black pudding* jini ne aka dafa da hatsi da kitse. *Lorne* ko *square sausage* yana iya zama na shanu, yana iya zama gauraye da alade.

*Haggis* zuciya ce da hanta da huhun tunkiya, a niƙa da ɓarzajjen hatsin ot da kitse da albasa da yaji. Wasu kamfanoni suna sa kayan cikin alade, sannan ga batun yanka, don haka sai an karanta jikin leda. Akwai na ganye zalla, wasu mahautan halal ma suna yin nasu. Abokan cinsa *neeps* da *tatties* ba su da matsala, wata saiwa ce mai ruwan ɗorawa da dankalin Turawa. *Gigot*, a furta jigot, yankan cinya ne, na rago ko na alade, sai an duba. A kayan zaƙi, *cranachan* da *tipsy laird* da giyar wiski ake yin su. *Tablet* kuwa sukari ne da madara da man shanu. *Cullen skink* miyar kyafaffen kifi ce da dankali da albasa da madara.

A shagon kifi, *supper* na nufin a haɗa da soyayyen dankali ko da tsakar rana ce, *single* kuma ban da shi. Ki tambayi man suya, don wasu da kitsen shanu suke yi. *Ginger* a Gilasgo duk wani lemon kwalba ne, ba citta ba. *Dram* da *hauf* awon wiski ne, *heavy* giya ce, *cairry-oot* kuma tana iya zama abincin tafi-da-gidanka, tana iya zama ledar barasa.

Aye "e" ce ko "kullum"? Na ga duka biyun. Daga wata ɗaliba, Stirling.

Kalmomi biyu ne da rubutu ya haɗa. Ta amsawa ana furta ta da buɗaɗɗen baki, "aai". Ta "kullum" ko "har yanzu" gajeriya ce, kusa da "ei", kuma a tsakiyar jimla take zama: *he's aye late*, kullum a makare yake. Ki kiyayi *aye, right*: e biyu ne a jere, amma gatse ne, ma'anarsa ban yarda ba.

Ni lauya ne. Na karanta hukuncin wata kotun Sikotlan inda aka sami mutum da culpable homicide aka ba shi 'yan shekaru. Ba laifin kisa ba ne? Daga wani lauya, Kaduna.

Barista, kunnenka ya saba da Penal Code na Arewa wanda ya fara aiki a 1960, inda kalmar ta rufe duka biyun, mai hukuncin kisa a sashe na 221 da wanda ba shi da shi. A Sikotlan *murder* daban yake, *culpable homicide* kuma shi ne mataki na ƙasa, kusan abin da Ingila ke kira *manslaughter*. Yarjejeniyar 1707 ta bar wa Sikotlan shari'arta, kalmominta ma nata ne. Mai ƙara a shari'ar farar hula *pursuer* ne, wanda ake ƙara *defender*. *Procurator fiscal* mai gabatar da ƙara ne, ba jami'in haraji ba. *Sheriff* alƙali ne mai zaman kotu. *Interdict* umarnin hani ne. Masu taya alƙali yanke hukunci a manyan laifuka mutum 15 ne, ba 12 ba. Za ka kuma yi ta cin karo da *outwith*, wato a wajen iyakar abu, kalmar Sikotanci ce da ta zauna daram a takardun hukuma.

Wane ƙamus ne abin dogaro? Na nemi wasu kalmomi a intanet na sami ma'anoni masu karo da juna. Daga wani mai fassara, Yamai.

Wanda masana ke komawa gare shi shi ne Dictionaries of the Scots Language, kyauta ne a intanet tun 2004. Manyan ƙamusoshi biyu aka haɗa. Dictionary of the Older Scottish Tongue, juzu'i 12 da aka buga daga 1931 zuwa 2002, ya ɗauki harshen daga farkonsa zuwa 1700. Scottish National Dictionary, juzu'i 10 daga 1931 zuwa 1976, ya ɗauka daga 1700 zuwa zamaninmu, an kuma yi masa ƙari daga baya. Kuskuren farko shi ne ɗauko ma'ana daga na farkon a fassara maganar mutumin yau da ita. Mai son littafi ɗaya na hannu ya nemi Concise Scots Dictionary, bugu na biyu na 2017.

Sikotanci ba shi da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu guda, don haka idan kalma ta ƙi fitowa ka sauya mata rubutu: *oo* da *ou*, *ui* da *ee*, *-na* da *-nae*, *aw* da *aa*. *Guid, gude, gweed* duk abu ɗaya ne. A tsofaffin takardu *quh* ne a gurbin *wh*, *quhen* da *quhat*. Idan ta fito, ka duba alamar yanki kafin ma'ana. *Gen.Sc.* na nufin ko'ina ana amfani da ita, *Abd.* Abadin, *Sh.* Shetland, *Ork.* Orkney. Alama mai kama da ƙaramin takobi a gaban kalma tana nuna ta mutu. Ka duba shekarar misali na ƙarshe kuma. Ma'anar da misalinta ya tsaya a 1820 ba ta titi ba ce. Karon da ka gani sau da yawa daga nan yake: *skelf* sartse ce a bakin kowa, amma a tarin kalmomi 421 na dusar ƙanƙara da masu bincike a Jami'ar Gilasgo suka sanar a 2015, ta fito da ma'anar babban ɓarɓashin dusa.

Wikipedia ta Sikotanci kuwa a yi taka-tsantsan da ita. A 2020 aka gano cewa dubban maƙalunta wani matashi Ba'amurke da ba ya jin harshen ne ya rubuta su, yana ɗaukar jimlar Turanci yana musanya kalmomi ɗaya-ɗaya daga ƙamus. An yi aikin gyara tun daga lokacin, amma an riga an kwafi rubutun zuwa wurare da yawa.

Shugabana a wurin aiki sunan gidansu Menzies, na kira shi yadda aka rubuta sai aka yi ta murmushi. Daga wata akanta, Perth.

Wannan *z* ɗin ba *z* ba ce. Tsohon rubutun Sikotanci yana da wani harafi mai suna *yogh*, mai sauti kusa da "y", wanda a ido yake kama da *z* mai wutsiya. Da aka fara ɗab'i, masu injin ba su da shi a cikin haruffansu, sai suka riƙa sa *z* a gurbinsa, rubutun ya zauna haka, furucin kuma ya ci gaba yadda yake. Shi ya sa Menzies a al'adance Mingis ne, Dalziel Diyel ne, gidan sarautar Culzean kuma Kalen. Wasu iyalan sun koma furta *z* ɗin, kamar yadda ya faru da Mackenzie gaba ɗaya, don haka ki saurari yadda shi yake faɗin sunansa a waya ki bi. Garuruwa ma suna da irin nasu, ko da babu *z*: Milngavie da ke gefen Gilasgo Malgai ne, Kirkcaldy kuma Kakodi.